Matar da Ba Ta Hau Jirgin Ba

Ta kashe motar, amma ba ta kashe wayar ba.

"Har yanzu kina kantin maganin?" in ji ƙawarta.

"Ke dai bari. Layi kamar kyauta ake rabawa."

"Jiya fa sun sake nuna tsohon fim ɗin nan marar kala, na matar da ke tsaye a tashar jirgin ƙasa da akwatinta."

"Wanda aka ciro daga littafin gwaninki? Mutumin da sai ya cinye shafi goma kafin a buɗe ƙofa?"

"Ai ya fi naki gwanin, mai kashe kowa a babin ƙarshe!"

Ta yi dariya, ta farko tun wayewar gari. A kujerar baya ga madara, ga burodi, ga ƙunzugun manya. Dusar ƙanƙarar birnin Winnipeg na Kanada na ta sauka a kan motar.

"Tuna mini ƙarshensa. Ta hau jirgin kuwa?"

"Haba! Ke da mijinki ya kai ki kallonsa tun yana neman aurenki? Ba ta hau ba, gida ta koma."

"Sakarya," ta ce a hankali.

"Layin ya matsa?"

"An zo kaina."

Ta goge gilashin da hannun riga. Babu kanti, babu layi, ƙofar gidanta ce. Mijinta na tsaye a taga da rigar barci, yana leƙen motar kamar baƙuwa, shi da ciwon mantuwa ya sa sunanta ya ɓace masa tun bara. Ta kwashi ledojin, ta nufi ƙofa don ta sake gaya masa ko ita wace ce.