Igiyar Ƙafar Dogon Hafsa

Zauna nan, Kofur. Na ji ka ɗazu kana gunaguni, wai an sa ka kwance igiyar ƙafa ka sake ɗaurawa alhali matuƙin jirgi yana jira yana harararka. Bari in ba ka misali. In na gama, ka ci gaba da gunaguninka in ka ga dama.

An yi wani saja a wani sansanin jiragen yaƙi, gajere, mai furfura, aikinsa kula da kujerar matuƙi. Ka san kujerar nan ba ta zama kaɗai ba ce. Idan jirgi ya ƙi, matuƙi zai ja mariƙin da ke tsakanin cinyoyinsa, rufi ya tashi, kujera ta harba shi sama, sannan lema ta buɗe. To, amma ƙofar fitar matsattsiya ce, gaban gwiwarsa ƙarfe ne da agogunan tuƙi, a waje kuma ga iskar da za ta iya ɓalle ƙafa daga cinya. Shi ya sa ake sa maɗauri a ƙasan kowace gwiwa, a zura igiya ta zobensa, bakinta ɗaya a kafe a ƙasan jirgi. Da kujera ta yunƙura sai igiyar ta fizgo ƙafafu ta manne su da jikin kujera, sannan ta tsinke daga ƙasa. Wannan 'yar igiya saja ya tsare shekara ashirin da 'yan kai.

Akwai kuma wani hafsa dogo a sansanin, matuƙi gwani na gaske. In ya juya jirgi a sama, masu shara ma sai sun ajiye tsintsiya sun ɗaga kai. Sai dai ya tsani maɗaurin nan, wai yana matse masa ƙwauri. Yakan bar shi sako-sako, wani lokaci igiyar ko zoben ba ta shiga ba, yana cewa ai in matsala ta taso sunkuyawa kawai zai yi ya gyara. Saja ba shi da girman da zai yi wa hafsa tsawa, amma yana da abu guda a hannunsa. Akwai ƙusa mai jan ƙyalle da ke kulle kujerar, kuma a dokar wurin jirgi ba ya motsi sai saja ya zare ta ya nuna wa matuƙi. Sai ya hau tsani ya tsaya, ya harɗe hannu, ya zuba wa gwiwar hafsa ido. Inji na ƙara, rana na dukan ƙeya, shi ko a jikinsa. Sai hafsa ya yi tsaki ya miƙo ƙafa, saja ya sunkuya ya zura igiya, ya matse, ya ja ya ji ta kama, sannan ya zare ƙusa. Sau biyu hafsa yana kai ƙararsa wai yana ɓata lokaci. Ya kuma laƙaba masa suna Sarkin Turke, wai ya mai da hafsoshi awaki. Sunan ya bi shi har ɗakin cin abinci, ya kuma yi masa zafi, don shi ma mutum ne. Amma gobe in ka duba, ga shi bisa tsani ya harɗe hannu.

Wata safiya da hantsi, jirgin hafsa ya tashi ke nan, ko tayoyinsa bai gama naɗewa ba, sai ungulu ta faɗa cikin inji. Wuta ta kama, hancin jirgi ya sunkuya. Daga shigar ungulu zuwa lokacin da hafsa ya cafki mariƙi da hannu biyu, ko Ƙulhuwallahu ba za ka kai ƙarshe ba. Ina sunkuyawar? Da wane hannu za a gyara? Shi kansa ya ce ko tunawa bai yi yana da ƙafa ba. Igiya ce ta tuna masa. Ta fizge dogayen ƙafafun nan ta manne su, ya fice ta matsattsiyar ƙofa, lema ta sauke shi a tsakiyar gonar dawa. Manoma suka rugo da gudu za su ɗauki karyayye, suka tarar da mutum a tsaye yana kakkaɓe ƙasa daga wando. Abin da likita ya samu a ƙafafunsa duka duka jan shati biyu ne a ƙasan gwiwa, daidai inda maɗauri ya zauna.

Ran da aka ba shi izinin sake tashi, ya tako da ƙafafunsa tun daga bakin rumfar jirage har gindin tsani, kowa na kallo. Ya hau ya zauna, ya miƙo ƙafa tun saja bai harɗe hannu ba, ya ce, “Baba, matse.”

Ni na ci tuwo kwano ɗaya da sajan nan, Kofur, kuma har gobe ina alfahari da haka. Ba a taɓa rataya masa lambar yabo a ƙirji ba, amma akwai dattijo dogo yau da ke taka sayyadarsa zuwa masallaci ba sanda, jikoki na rataye a wuyansa. Saboda haka tashi ka koma ka kwance igiyar nan ka sake ɗaurawa, mai harara ya yi ta harara. Hausawa sun riga sun faɗa: ba a fafe gora ranar tafiya.