Ƙyallen Goshi Kaɗai

Da hantsi Munji ya ɗauko Shadliya a jirginsa na kamun kifi, zai kai ta tashar Sidi Yusuf, inda babban jirgin Safakis ke tashi da azahar. Daga can sai Marsiliya, gidan ɗanta, kuma ba ta ce za ta dawo ba.

Iska na kaɗawa daidai, amma cikin ƙyallaye biyun da iska ke tura jirgin da su, ƙaramin ƙyallen goshi kaɗai ya ɗaga, babban yana nan a naɗe. Jirgin na tafe kamar mai gyangyaɗi, ciyawar ƙarƙashin ruwa tana wucewa sannu sannu.

"Si Munji, babban ƙyallen ya yage ne?"

"Lafiyarsa ƙalau."

"To hannunka ne ya tsufa?"

"Shi ma da sauransa."

Ta dube shi. 'Yar masunci ce, ba a yi mata wayo da iska. Shi kuwa ya kafa wa akwatinta ido.

"A haka jirgin zai tafi ya bar ni."

"Akwai na gobe, Lalla Shadliya."

"Goben ma da wannan tsumman za ka kai ni?"

Ya daɗe yana murza igiya kafin ya ce, "Na shafe gidana da farar ƙasa. Tun rasuwar maiɗakina ba wanda ya shigo ya ce ya yi kyau."

Can nesa babban jirgin ya yi kukansa na farko. Shadliya ta miƙa hannu ta kwance igiyar ƙaramin ƙyallen. Ƙyallen ya yi laƙwas, jirginsu ya tsaya cak.

"Ƙarasa maganar," ta ce. "Tunda kai ba ka iya sauri ba."