Shafi Tamanin a Bakin Rumbun Albasa

Tunda ka zo kana nuna mini kaurin bayanin da ka rubuta wa manhajarka, kana jira in ce sannu da aiki, ajiye shi tukuna ka ji wannan misali.

An yi wani matashi, Sadisu, ɗan wani garin manoman albasa a bakin fadama, wanda ya yi karatun kwamfuta a birni. Tun yana ƙarami yake ganin yadda albasa ke cin amanar mutanensu: a cire ta da bazara, a jera a rumbun kara, ana jiran ta yi daraja, sai zafi da laima su shige ta daga tsakiya, a wayi gari rabi ya zama ruwa. Sai ya haɗa wata 'yar na'ura da ake ratayewa cikin rumbu, tana auna zafi da laima tana aika wa wayar mai rumbun. Alama ta yi kore, lafiya lau. Ta yi ja, akwai abin yi cikin kwana biyu. Aiki ya yi kyau, wannan ba mai ƙwace masa. Da ya zo bayani kuwa, sai ya yi irin wanda malamansa ke yabawa: littafi mai shafi tamanin da rubutun boko, ga gabatarwa, ga tarihin aikin, ga zane-zanen da ni kaina sai da tabarau. Abin da mutum zai yi idan ja ya fito layi huɗu ne kacal, yana can shafi na sittin da uku.

Ya tara manoma a gindin tsamiya ya raba musu na'urar da littafin. Ya fara da baffansa Nomau, dattijon da a shekarar ya zuba amfanin gonarsa kaf a rumbu ɗaya don ya yarda da ɗan ƙanensa. Ya ce, "Baffa, kun gane ko?" Baffa ya ce, "Mun gane, Allah ya yi albarka." To me zai ce? A gaban jama'a ya faɗa wa wanda aka raɗa wa suna a zaurensa cewa bai iya karanta abin ba? Ai kara ba za ta bari ba. Mutumin da ajami yake karantawa, saƙo kuma bai taɓa aikawa ba sai da murya. Sadisu ya san haka sarai, wayarsa cike take da muryar baffan, amma ɗoki ya rufe masa ido. Ya koma birni yana ganin ya gama da ruɓar albasa.

Ruwan farko na sauka, alama ta yi ja. Baffa ya san gargaɗi ne, bai dai san na mene ne ba, ga shi ya riga ya ce ya gane, yana kunyar janye maganarsa. Sai ya yi abin da hankali ya ba shi: ruwa ya zo, a rufe kaya. Ya samo tampol ya lulluɓe rumbun ruf, maƙwabta suka gani suka bi sahu, tunda baffan mai na'ura ne. Layi huɗun nan kuwa cewa suka yi a buɗe gefuna iska ta ratsa, a tsince masu laushi. Da Sadisu ya zo bayan kwana goma, tun daga bakin gari wari ya tare shi. Ya tarar da baƙin ruwa na ɗiga daga ƙarƙashin rumbun baffansa, ƙudaje sun yi dandazo, mutanen gida na tonon ruɓa da hannu ko za a tsira da na miya. Na'urarsa kuwa an ciro ta an jefar gefe, haka a kowane gida.

Baffa bai yi faɗa ba, da ma ya yi da ya fi sauƙi. Ya wanke hannu ya shiga ɗaki, ya buɗe akwatin da yake ajiye takardar gonarsa, ya fito da littafin naɗe cikin leda, sabo fil. Ya miƙa masa da hannu biyu ya ce, "Ga amanarka, ɗana. Ko ƙura ban bari ta taɓa shi ba."

Sadisu ya karɓa, ya kasa ɗaga ido. Maganar da za ta ceci noman shekara tana hannunsa, da ya faɗe ta da baki a waya, da ba ta kai minti guda ba. A daminar nan an ga Baffa Nomau, da furfurarsa, yana ƙwadago a gonakin mutane. Wallahi duk na tuna sai raina ya ɓaci, don ilimin yana nan, bai dai isa inda ake ƙishinsa ba. Shi ne Hausawa suka ce rijiya ta bayar, guga ya hana.