Busar Sarewa a Rugar Buba

Shekarar da fari ya ƙare shanun Buba, ya ƙi tsai da ranar auren 'yarsa Asta, domin ba shi da karsanar da zai raka ta da ita. Duk da haka Inusa, manomin Gidan Rumji, mai neman aurenta, ya zo ruga da rakoda don zaɓen kiɗan biki. Ya saka tsohon kaset na sarewa, yana zaton busar masoya ce.

Asta ta miƙe, ta zauna, ta sake miƙewa.

"Kashe, don Allah! Da wannan Baffa ke kiran shanu."

Inusa ya kai hannu zai kashe.

"Bar shi, ɗana," in ji Buba daga cikin bukka. Sai da busar ta ƙare ya ce, "Juma'a ku zo ku ɗauke ta. Wannan ya raka ta."