Geron Iya Tabawa

Tun da aka kafa dokar iri, ba mai shuka ƙwaya sai na'urar ofishin gona ta leƙa cikinta ta ga alamar da aka yarda da ita. Da hadari ya fara haɗuwa, Iya Tabawa ta ɗauki ƙwaryar geron da ta gada wajen uwarta, ta shiga layi.

Murja, ma'aikaciyar wurin, ta zuba ƙwaya uku a bakin na'urar. Can sai jar fitilar na'urar ta kama.

"Iya, babu alamar a jikinsa."

"'Yar nan, geron nan shi ya riƙe mu shekarar da ruwa ya ƙi zuwa. Gaya wa na'urar."

"Ba ta jin magana, Iya." Murja ta sunkuyar da kai. "Abin da ba shi da alama abinci ne, ba iri ba."

Aka shiga da geron ciki, aka gasa shi don kada ya tsiro, aka miƙo wa Iya Tabawa da ɗuminsa.

Da yamma, ana ruwan farko, ta daka shi ta dama kunu. Jikokinta suka shanye, suna tambaya ko akwai ƙari.