Gadar Barewa

Motocin sabon titi ba sa tsayawa, don haka gwamnati ta gina wa namun daji gada mai ciyawa a samansa. An hana mutane hawa, wai warinsu yana korar dabbobi.

Da hantsi Iya Tabawa ungozoma ta iso wurin maigadin gadar tana haki.

"Malam Sallau, jikata na naƙuda a tsallake. Gadar mutane kuwa tafiyar yini ce."

Maigadin ya dubi na'urar ƙirga dabbobi, ya miƙa mata ɗanyen kashin shanu.

"Shafa a ƙafa, Iya, ki sunkuya."

"Da tsufana zan zama dabba?"

Ta haye. Na'urar ta rubuta barewa ɗaya.

Bana ta ƙirga barewa ɗari uku. Sallau kuwa shekara shida bai ga ko guda ba.