Kantar Alƙali a Falon Attajiri

Ka nemi shawarata, ɗana, a kan niyyarka ta naɗa irin rawanin marigayi maigidanka, domin jama'a su ba ka girman da suke ba shi. Mu da muka yi karatu a zamanin da ake karatu ba mu saba ba wa mai iyali umarni ba. Misali muke bugawa, mai hankali ya ɗebi rabonsa.

Wani tsohon alƙali ya ajiye aiki, ya koma gidan gonarsa, ginin tubali, can nesa da gari. A zaurensa akwai wata kanta ta icen maɗaci mai hawa huɗu, kowane hawa ya fi na samansa faɗi. A hawan ƙasa ya jera manyan littattafansa, a na ƙoli kuwa ba ya ɗora komai sai kaskon turare. Dattawan gari sukan je takanas su zauna a gabanta, suna magana cikin ladabi. Daga cikin masu zuwa har da wani attajirin fatu wanda dukiya ta zo masa da rana tsaka, amma wurin zamansa bai taɓa wuce bakin tabarma ba, kuma abin yana cin ransa. Da alƙali ya rasu, magada suka kasa daidaitawa a kan kayan ɗaki, aka fito da su tsakar gida aka buga gwanjo. Kantar kuwa sai aka jingina ta da gindin mangwaro. Mai gwanjo ya dubi attajiri ya ce, "Alhaji, a gaban wannan aka kashe rigimar garin nan kaf. Kana tsaye za ta tafi gidan wani?" Attajiri ya yi ta ƙari har kowa ya janye.

Abin da bai tsaya ya lura da shi ba shi ne, bangon tubali kauri gare shi a gindi, yana sirancewa yayin da ya yi sama. Saboda haka kafintan da ya ƙera kantar ya rage tsawon ƙafafunta na baya da gangan, domin ta kwanta a jikin bangon zauren. Tun da aka yi ta, ba ta taɓa tsayawa ita kaɗai ba. Attajiri ya kafa ta a tsakiyar falonsa, a kan tayil, don a gan ta ta kowace fuska. Da matarsa ta ce, "Alhaji, ai kamar ta karkata," sai ya ce, "Ke dai ba ki san kayan manya ba." Littattafai ba shi da su, don haka hawan ƙasa ya zauna wayam, ya tula tangaran da agogon bango da butar tagulla a sama, inda ido zai fara sauka. Ranar Sallah ya gayyaci dattawan nan, suka zo, suka zauna. Sai ya ɗauko kaskon turare da hannu biyu, kamar yadda ya ga alƙali yana yi, ya ɗora a ƙoli. Kantar ta nemi bangon da ta saba da shi, ba ta samu ba, ta tafi ta baya gaba ɗayanta. Tangaran ya tarwatse, garwashi ya watsu a kan darduma. Dattawa suka ce, "Allah Ya kiyaye gaba," suka nemi takalmansu. A hanyar komawa ba wanda ya ambaci attajiri, hirar alƙali suka yi har gida, suna yi masa addu'a.

Hausawa ba su yi kuskure ba da suka ce, kama da wane ba ta wane.